Yadda Ake Sharhin Faifan Finafinan Ɗauki-Ɗai-Ɗai: Daga Kwali Zuwa Hukunci

Akwai wata fitowa dab da ƙarshen fim ɗin Halloween na 1978 da nake gwada kowane faifai da ita. Jarumar fim ɗin, Laurie Strode, ta gama cin karo da gawar ƙawayenta biyu da ta saurayin ɗayarsu, ta lafe a jikin bango kusa da wata ƙofa tana kuka, bayanta duhu ne ƙirin. Sannu a hankali sai farar fuskar maƙashin, Michael Myers, ta soma bayyana daga cikin duhun nan, kamar yadda ido ke sabawa da ɗaki bayan an ɗauke wuta. Dean Cundey, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin, fitila ya sa aka riƙa ƙara wa haske kaɗan-kaɗan har fuskar ta fito. To a wani faifan tun kafin lokaci ya yi za ka hango mutumin a tsaye, saboda an ɗaga hasken hoton ya wuce kima. A wani kuma duhun ya haɗiye fuskar, ba ta fitowa sai a makare. Fim ɗin bai canza ba, amma a duka biyun an kashe tsoron.

Shi ya sa sharhin faifai ya bambanta da sharhin fim. Mai karanta ka sau da yawa ya riga ya ga fim ɗin, wataƙila sau biyar. Abin da yake so ya ji shi ne ko wannan bugun da ke hannunka ya riƙe amanar fim ɗin yadda aka yi shi, kuma ko ya cancanci kuɗinsa. A irin finafinan da Turawa ke kira silasha, waɗanda wani maƙashi mai rufe fuska ke yi wa gungun matasa ɗauki-ɗai-ɗai da wuƙa ko gatari, amanar nan a wuri biyu take ɓuya: a cikin duhu, da kuma a inda almakashin masu tacewa ya bi. Ga yadda nake bin aikin.

Mataki na farko: san gidan da ka shiga

Kafin ka ce fim ya yi kyau ko bai yi ba, sai ka san ma'aunin da ake auna irinsa. Black Christmas na Bob Clark da aka yi a Kanada a 1974 ya share fage. Halloween na John Carpenter, da aka yi da kuɗin da bai wuce kusan dala 300,000 ba, ya nuna wa 'yan kasuwa cewa akwai riba. Friday the 13th na Sean Cunningham ya biyo baya a 1980, daga nan kasuwa ta cika maƙil: Prom Night, My Bloody Valentine, The Burning, Sleepaway Camp. Wes Craven ya kai abin cikin mafarki da A Nightmare on Elm Street a 1984, kuma shi ne ya sake farfaɗo da shi a 1996 da Scream, inda matasan cikin fim ɗin su kansu sun kalli finafinan baya sun haddace dokokinsu.

Tsarin kusan ɗaya ne. Akwai wani tsohon laifi da aka binne, akwai wata rana ta musamman da ke tono shi, akwai keɓantaccen wuri kamar sansanin hutu ko unguwar da manya suka fita, sannan akwai yarinyar da ke saura ita kaɗai ta fuskanci maƙashin. Malama Carol Clover ce ta raɗa wa wannan hali suna yarinyar ƙarshe a wata maƙalarta ta 1987, sunan kuma ya yaɗu da littafinta na 1992, Men, Women, and Chain Saws. Wanda ya zargi fim ɗin silasha da bin wannan tsari kamar wanda ya zargi tatsuniya ne da cewa Gizo ya sake yin wayo. Tambayar da ta dace ita ce me darakta ya yi da tsarin.

Mataki na biyu: tantance abin da ke hannunka

Kada ka sa faifai a na'ura sai ka juya kwalin ka rubuta abubuwa a takarda: kamfanin da ya buga, shekarar bugu, ƙasar da aka buga domin ta, yawan faifan da ke ciki, tsawon fim ɗin a mintuna, da abin da aka ce an ɗauko hoton daga gare shi. Fim irin Halloween an sake buga shi sau da dama, a kaset na VHS, a LaserDisc (babban faifan bidiyo da ya gabaci DVD), a DVD, a Blu-ray, a 4K. Sharhin da ya ce "faifan Halloween" kawai bai faɗi komai ba.

Sunan kamfani yana ba ka haske. Scream Factory da Vinegar Syndrome da Synapse a Amurka, Arrow Video da 88 Films da Second Sight a Birtaniya, waɗannan sun yi suna wajen tono tsofaffin finafinan ban tsoro su gyara. Amma suna ba hujja ba ne, ido ne hujja.

Sai maganar shiyya, wadda ta shafe mu kai tsaye. An kasa duniya shiyya-shiyya a kan DVD: Amurka da Kanada su ne shiyya ta 1, Turai ta 2, Najeriya da Nijar suna cikin ta 5. A Blu-ray kuwa haruffa ne, Amurka A, Turai da Afirka B. Faifan 4K galibi ba a kulle shi. Tarkon da mutane ke faɗawa shi ne kwali mai faifai biyu: na 4K ya buɗe lafiya lau, amma na Blu-ray da ke ɗauke da hirarraki da sauran ƙari a kulle yake da shiyyar A. Ka gwada duka biyun ka faɗa wa mai karatu, domin mutumin da zai yi odar kaya daga waje ya biya kuɗin jirgi ba ya da damar mayarwa.

Idan kuma abin da ke hannunka jabu ne, irin faifan da ake cusa fim goma a ciki, ko kwafin da aka tura maka a waya, ko wanda aka ɗora wa muryar fassara, to ba sharhin bugu kake yi ba. DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabayit 4.7 yake ɗauka, mai biyu 8.5, kuma fim ɗaya ma yakan cinye mafi yawansa. In an raba wannan wuri ga fim goma, duhun farko da zai zo zai farfashe ya koma murabba'i-murabba'i. Za ka iya yin sharhin labarin fim ɗin daga irin wannan kwafi, amma kada ka ɗora wa kamfanin asali laifin hoton da ba nasa ba.

Mataki na uku: gyara talabijin ɗinka

Wannan ba ya ɗaukar minti goma, amma in ka tsallake shi duk abin da za ka rubuta game da hoto ya rushe. Talabijin na fitowa daga kanti da saitin jan hankalin mai saye: haske ƙal, launi ja-jawur, da wata dabara ta sulɓar da motsi da ke mai da fim tamkar wasan kwaikwayon gidan talabijin. Ka shiga saitin hoto ka zaɓi na sinima, ko Filmmaker Mode in akwai shi. Ka kashe sulɓar motsi, ka kashe rage tsaki (wato goge yashi-yashin da ke cikin hoto), ka sauke kaifin hoto. Ka tabbata allon bai zuƙo hoton ya yanke gefe ba. Ka kashe fitilar ɗaki ka saki labule. Sannan a ƙasan sharhinka ka rubuta irin talabijin da na'urar da ka yi amfani da su. Wanda ya kalla a allon waya ba shi da ikon yanke hukunci a kan faifan 4K, kuma ba abin kunya ba ne ya faɗi hakan.

Mataki na huɗu: kallon farko, ba biro ba takarda

Ka kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, da dare, ba tare da ka tsayar ba. Wannan kallon na ɗan kallo ne. Bayan ya ƙare sai ka rubuta abin da ya saura a ranka: wace fitowa ce ta sa ka gyara zama, a ina hankalinka ya koma kan waya, wane ne cikin matasan ka damu da mutuwarsa.

Wannan ta ƙarshen ita ce babbar tambaya. Fim ɗin da ya iya aikinsa yana ba ka lokaci da yaran nan kafin wuƙa ta fito, ka ji hirarsu a hanyar dawowa daga makaranta, ka san wace ce mai kunya wace ce mai rawar kai. Wanda bai iya ba yana jera su ne kamar kaji a kejin kasuwa. Ka lura da yadda ake gina fargaba ma. Buɗewar Scream, kiran waya ne kawai da yarinya ɗaya a cikin gida na sama da minti 10, amma kowace amsa da ta bayar tana ƙara matse ta. Wannan gini ne. Kyanwar da ke faɗowa daga kabad tare da ƙarar kiɗa kuwa razanarwa ce kawai, kowa zai iya.

Mataki na biyar: wane yanki ne wannan?

Yanki a nan yana nufin sigar fim ɗin da aka sa a faifan, datsattsiya ko cikakkiya. A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yaudarar mai saye, kuma a nan masu sharhi suka fi yin kuskure.

A Amurka hukumar MPA, wadda ake kira MPAA kafin 2019, ce ke sa wa fim tambarin shekaru. A farkon shekarun 1980 fim ɗin da ya sami tambarin X gidajen sinima da yawa ba sa haska shi, jaridu da yawa ba sa karɓar tallarsa, don haka dole furodusa ya yi ta datsewa har a ba shi tambarin R mai ɗan sassauci. Abin da ake datsewa kuwa shi ne aikin masu kwalliyar rauni da jini, irin su Tom Savini, wanda shi ne abin da aka kashe wa kuɗi da lokaci. My Bloody Valentine na 1981 ya sha almakashi sosai, kuma sai a 2009 kamfanin Lionsgate ya fitar da bugun da aka mayar da kusan minti 3 na abin da aka cire. Friday the 13th na farko, bambancin da ke tsakanin na sinima da wanda Paramount ya fitar a 2009 da sunan marar yanka kusan daƙiƙa 10 ne kacal. Scream ma yana da yankin darakta da ya fito a LaserDisc, wanda ya ɗara na sinima da kusan daƙiƙa 20.

A Birtaniya labarin ya fi zafi. Hayaniyar da aka yi kan kaset-kaset na ban tsoro ta haifar da dokar bidiyo ta 1984, kuma ofishin mai gabatar da ƙara ya jera finafinai 72 da ake iya kamawa. The Burning yana cikinsu. Shekaru bayan nan bugun Birtaniya na finafinai da dama ya ci gaba da fita a datse. Saboda haka tsohon faifan Ingila da tsohon faifan Amurka na fim ɗaya ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Wani lokaci kuma ƙari ake yi. Da gidan talabijin na NBC zai nuna Halloween a 1981, an rage wasu wurare, sai Carpenter ya ɗauki sababbin fitowa na kusan minti 12 a lokacin da ake aikin Halloween II don a cike lokacin shirin. Wannan dogon yankin ya fito a faifai daga baya. Ya fi tsawo, amma ba shi ne fim ɗin da aka haska a 1978 ba, kuma a ganina ya fi sanyi, domin yana bayyana abin da rashin bayyana shi ne ƙarfinsa. Tsawo ba shi ne cika ba.

Yadda za ka bi abin: ka duba tsawon da na'urarka ta nuna, har da daƙiƙoƙi, ba wanda aka buga a kwali ba. Ka je kowace fitowar kisa ka kalle ta a hankali. Alamar datsewa ita ce kiɗa ya yi tsalle, ko hoto ya bar wurin kafin hannu ya sauka, ko ihu ya yanke a tsakiya. In kana da wani bugun ka jera su ka kwatanta. Ka kuma lura da ingancin guntayen da aka mayar. Sau da yawa ainihin zaren fim ɗin da aka yanke ya ɓace, sai a ciko daga tsohon kwafi. A bugun Silent Night, Deadly Night marar yanka za ka ga hoto tas, sai kwatsam ya dushe na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya dawo. Wannan ba aibin faifanka ba ne, iyakar abin da ya tsira ke nan, amma mai karatu yana da hakkin ya sani kafin ya saya.

Akwai kuskuren da na taɓa yi wanda har yau yake damuna. Na rubuta cewa wani DVD na Turai an datse masa kusan minti 4, na kuma shawarci mutane su guje shi. Ba a cire ko daƙiƙa ɗaya ba. Ana ɗaukar fim a kan hoto 24 a daƙiƙa, tsarin PAL da Turai da mu nan muke amfani da shi kuma yana gudu a kan 25, don haka DVD ɗin PAL yana saurin kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 91 sai ya koma kusan 87, muryoyi ma su ɗan ƙara siranta in ba a gyara ba. Na ɓata sunan aikin da ba shi da laifi saboda ban yi lissafi ba. Kafin ka ce an yanke, ka ninka tsawon asali da 24 ka raba da 25. In ya yi daidai da abin da ke gabanka, to saurin PAL ne.

Mataki na shida: hoto

Fara da siffar allo. Halloween da Scream an ɗauke su a faffaɗan tsari na 2.35:1, Friday the 13th kuma 1.85:1. Baƙaƙen layukan da ke sama da ƙasa ba ɓata wuri ba ne, su ne shaidar cewa ba a yanke gefe ba. A zamanin kaset ana datse gefen hoto don ya cika akwatin talabijin, kusan rabin faɗin fim irin Halloween ke tafiya. Carpenter kuwa a gefen ne yake ajiye maƙashinsa: bayan shinge, can ƙarshen titi, tsakanin shanyar zannuwa. In an yanke gefe, sai ka ga yarinya tana tafiya ita kaɗai kiɗan tsoro na tashi ba dalili. Akwai kuma akasin haka, inda ake buɗe sama da ƙasan hoton da aka yi niyyar rufewa, har makirufo ya leƙo daga sama.

Sai tushe. Mafi daraja shi ne a ce an ɗauko hoton daga negatif, wato ainihin zaren da ya fito daga cikin kyamara. Mai bi masa shi ne kwafin farko da aka yi daga gare shi, na ƙarshe kuma kwafin da aka yi yawo da shi a gidajen sinima, mai ƙarce da tabo. Ka karanta kalmomin kwali da kyau. "An gyara a 4K" a jikin Blu-ray ba ya nufin faifan 4K ne, Blu-ray iyakarsa 1920 a 1080, na 4K shi ne 3840 a 2160. In kwali bai faɗi tushe ba, kai ma kada ka ƙirƙira masa.

Tsakin fim shi ne abin da sababbin masu sharhi suka fi yi wa mummunar fahimta. Wannan yashi-yashin da ke motsi a cikin hoto ba datti ba ne, daga jikin zaren yake, kuma a cikinsa ƙananan bayanai suke. Finafinan nan an yi su da kuɗi kaɗan, da dare, da fitila kaɗan, don haka tsakinsu yana da kauri. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 ma a ƙaramin zare na milimita 16 aka ɗauke shi. Kamfanin da ya goge tsaki da kwamfuta don hoto ya yi sumul yana gogewa har da ramukan fata da zaren riga. Bugun Blu-ray na Predator na 2010 ya zama abin misali a kan haka, fuskokin 'yan wasa suka koma kamar an shafe su da kakin zuma. Ka tsayar da hoto a kan fuskar da aka matso da ita, ka dubi goshi da gashin gira. In ba ka ga komai ba sai santsi, an goge. Ka kuma dubi gefen rufin gida ko kafaɗar mutum a gaban sararin sama. In akwai farin zobe siriri da ke bin gefen, an ƙara kaifi na ƙarya.

Yanzu duhu. Ka zaɓi fitowa uku mafi duhu ka maimaita su. Baƙin ya zama baƙi, ba toka-toka ba, amma kuma ka iya rarrabe baƙar riga da baƙin bango. Ka dubi hayaƙi, hazo, da hasken tocila a daji, nan ne matsin bayanai ke tona kansa, hoto ya yi layi-layi ko ya farfashe. A faifan 4K akwai HDR10 ko Dolby Vision, waɗanda ke faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu. In an yi shi da hankali, wutar kyandir tana haske ba tare da ta wanke abin da ke kewaye da ita ba. In an wuce gona da iri, fim ɗin 1981 sai ya koma kamar tallar sabuwar mota.

Launi shi ne inda gardama ba ta ƙarewa, kuma Halloween ne babban darasi. Labarin yana faruwa ne a ƙarshen Oktoba a jihar Ilinoyi, lokacin da ganye ke bushewa, amma an ɗauke shi a kudancin Kalifoniya a watan Mayu, bishiyoyi kore shar, har busassun ganyen da ake watsawa a titi ana kwashewa a buhu a sake amfani da su. DVD ɗin kamfanin Anchor Bay na 1999, wanda Cundey mai ɗaukar hoton ya sa ido a kansa, ya ba rana ruwan ɗorawa ya ba dare shuɗi mai ƙarfi. Bugun cika shekara 25 na 2003 ya fito da launi daban, shuɗin daren ya ragu, masoya fim ɗin suka yi ca. A 2013 aka sake dawo da Cundey, haka ma a bugun 4K na Scream Factory na 2021. Abin lura shi ne ko waɗanda ya amince da su ba su yi daidai da juna ba. Don haka rubutun "da amincewar darakta" a kwali nauyi ne a ma'auni, ba rufe magana ba. Ka kwatanta, ka bayyana bambancin, ka faɗi wanda ka fi so da dalilinka, kuma kada ka yi iƙirarin sanin yadda launin yake a sinima a 1978 alhali ba ka nan.

In za ka sa hotunan misali, ka ɗauke su daga faifan ta kwamfuta da manhaja irin VLC, a daidai daƙiƙa ɗaya a kowane bugu, kada ka ɗauki allon talabijin da waya. Hoton HDR kuma yakan fito a dushe a allon da ba ya ɗaukar sa, sai ka gargaɗi mai karatu. Manhajar MediaInfo za ta nuna maka ainihin girman hoto da nau'in sauti, ba sai ka dogara da kwali ba.

Mataki na bakwai: sauti

Yawancin finafinan farkon shekarun 1980 da sauti mai hanya ɗaya, mono, aka haska su. Daga baya kamfanoni suka riƙa sake haɗa shi zuwa sauti mai hanyoyi da yawa, irin 5.1 ko Dolby Atmos, wani lokaci har a sauya ƙarar tsawa ko ta ƙofa da sabuwa. Abu na farko da za ka duba shi ne ko an bar sautin asali a cikin zaɓi. In babu, wannan babban rashi ne, ka rubuta shi a sarari.

Ka saurari fitowa ɗaya da kowace hanya. Shin magana tana fita ba sai ka riƙa ɗaga rimot kana saukewa ba? Leɓe da murya suna tafiya tare? Akwai shuu ko ƙaf-ƙaf a wuraren shiru? Kiɗa a waɗannan finafinai rabin maƙashin ne. Carpenter da kansa ya tsara kiɗan piyanon Halloween. Harry Manfredini kuma a Friday the 13th ya ware kiɗan tsoro ga lokutan da maƙashin yake kusa, ta yadda kunne ke sanin haɗari kafin ido. Haɗin da ya binne wannan a ƙarƙashin ƙarar iska ya lalata dabarar. Ka kunna rubutun ƙasan allo na minti 10 ma ka gani ko yana bin magana, domin da yawa cikin masu karanta mu da shi suke kallo.

Mataki na takwas: ƙarin kaya

Kada ka kwafe jerin da ke bayan kwali, ka kalla. Sharhin murya da ake ɗorawa a kan fim, wanda kamfanin Criterion ya fara a LaserDisc ɗin King Kong a 1984, wani yana cike da ilimi, wani kuma mutum biyu ne ke kallon fim suna dariya. Ka faɗi wanne ne. Ka raba sabo da wanda aka kwaso daga tsohon bugu, ka kuma ambaci abin da tsohon bugu ke da shi wanda wannan ya zubar, saboda shi ne zai sa mutum ya riƙe tsohon faifansa. Kwalin ƙarfe da fosta da ɗan littafi, layi biyu sun ishe su. Sai dai in zanen kwali ya yi ƙarya: Jason na jerin finafinan Friday the 13th bai sa fuskar 'yan wasan hoki ba sai a fim na uku a 1982, don haka in ka gan ta a kwalin na farko, ka faɗa.

Mataki na tara: rubutu da hukunci

Ka buɗe da bayanin bugun a taƙaice, sannan fim ɗin, sannan yanki, hoto, sauti, ƙari. Labari kada ya wuce sakin layi ɗaya. Kada ka faɗi wane ne maƙashin ko wa ya tsira, ko da fim ɗin ya shekara 40, domin kullum akwai wanda yau ne zai fara gani. In dole sai ka taɓa ƙarshe, ka sa gargaɗi kafin wurin.

Kowace magana ka ɗaure ta da misali. "Hoto ya yi kyau" ba sharhi ba ne. Ka ce a minti kaza, a cikin ɗakin ajiya, ana iya ganin zaren igiya da tsatsar ƙusa alhali a tsohon DVD baƙi ne kawai. Mai karatu zai iya zuwa wurin ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka.

Akwai nauyin da ke kanmu musamman mu masu rubutu da Hausa. Ana kiran su finafinan matasa saboda matasa ne a cikin labarin, ba don an yi su domin yara ba. Kusan dukkansu tambarin manya suke ɗauke da shi, akwai zubar da jini ƙarara, da yawa kuma akwai tsiraici da shaye-shaye. A gidajenmu talabijin ɗaya ce a falo, yara da iyaye da baƙi duk a gabanta. Ka faɗi abin da ke ciki dalla-dalla ba tare da ka siffanta shi ba: akwai tsiraici ko babu, sau nawa, kisan a ɓoye yake ko a fili. Bugun da ba a yanke ba ya fi na sinima tsanani, kuma wanda ya san fim ɗin daga tashar talabijin bai san abin da zai tarar ba.

Hukunci ka raba shi biyu, na fim daban na faifai daban, domin akwai fim mai rauni a bugu na gani na faɗa, akwai kuma gagarumin fim a bugun da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Sannan ka yi magana da mutum uku: wanda bai taɓa mallakar fim ɗin ba, wanda yake da tsohon DVD, da wanda yake da Blu-ray yana tunanin hawa 4K. Amsarsu ba lallai ta zama ɗaya ba. Ka sa farashin da ka saya da ranar da ka saya.

Bayan ka wallafa kada ka rufe fayil ɗin. Yakan faru a gano kuskure a bugu bayan ya fita, daƙiƙoƙi sun ɓace ko wani sauti ya faɗi, kamfani ya buga faifan musanya. In haka ta faru ka koma saman sharhinka ka ƙara layi mai kwanan wata, ka faɗi abin da aka gyara da yadda mai saye zai gane gyararren faifan daga lambar da ke jikinsa.